Baba Mai Ƙyalle da Rumfa Ɗaya Tilo

Da safiyar Talata, tara ga watan nan, ana tsaka da darasi, 'yarka ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi ranka bayan gajeruwar jinya. Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Na fito baranda don in yi kuka, sai iskar nan taka ta buso ni, na tsinci kaina ina murmushi da hawaye a fuska.

Ni ce shugabar makarantar da ka zana, kuma ni na fi kowa sa maka ciwon kai. Lokacin muna tsohon gini a gefen filin da za a gina sabuwar makarantar, muna jiran mai zanen gini ya zo da manyan takardu, sai ga ka da damin sanduna. Ka kakkafa su, ka ɗaura wa kowace ƙyalle, ka zauna a kujerar roba kana kallon inda iska ke kaɗa su, safe da rana da yamma. Na ce a raina, lallai an haɗa mu da aiki. Yara suka raɗa maka Baba Mai Ƙyalle, ka karɓi sunan hannu bibbiyu.

Damuwata ba iska ba ce. Iyayen ɗalibanmu daga ƙasashe daban-daban neman abinci ya kawo su, kuma da an fito tara, kowane yare sai ya kama kusurwarsa, ana hararar juna, wani lokaci har da dambe. Iyaye suka ce ko a ware wa kowa ɓangarensa a sabon gini, ko su kwashe 'ya'yansu. Na roƙe ka ka yi rumfa huɗu, kowa da tasa.

"Malama, ɗaya zan yi," ka ce. "Sauran aikin ki bar wa rana."

"To in suka kwashe yaran fa, Baba? Ranar zan zaunar a aji?"

Ka yi dariya har da tari, amma ba ka sauya ko layi ɗaya ba.

Ka yi mana bango mai kauri na tubalin ƙasa, da tagogi masu kallon juna ta hanyar da ƙyallayenka suka nuna, da rufi mai tsayi wanda zafi ke fita ta samansa. Ko an ɗauke wuta ba ma neman fanka. Ruwan sama ka tara shi a tanki, ka kai famfon tsakiyar fili, ƙarƙashin rumfar nan mai faɗi. Kusurwoyin kuwa ka bar su fayau da gangan.

Da muka tare, kowa ya koma kusurwarsa yana gumi yana taurin kai. Sai zafi ya kankama. Ƙanana suka fara sulalewa cikin inuwa, manya suka biyo wai ruwa za su sha. Kafin zangon ya ƙare, na ji 'yan mata suna tsallen igiya suna ƙirga da yare uku a haɗe. Babu yaron da aka cire daga makarantar. Iyayen da suka tayar min da hankali ma yanzu tun kafin a tashi suke zuwa, su baje a rumfar suna hira, sai maigadi ya lallashe su su tafi.

Washegarin rasuwarka, ba a kaɗa ƙararrawa ba yara suka taru a wurin, kowa ya yi maka addu'a da harshen gidansu. Wani a cikinsu ya ɗaura ƙyalle a jikin ginshiƙi. Na hana a cire.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da maginan da kuka sha rana tare. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka. Yadda ka tara 'ya'yan mutane a inuwa ɗaya, Allah Ya sa ka a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai ita.