Ragowar Ganyen Ulong a Bab Makka

Malam Abdulgani yana juya cokali na uku na sukari a kofinsa, kamar kowace safiya a shagon Bawa mai shayi a unguwar Bab Makka da ke Jidda. Tun zazzaɓin bara, duk abin da ya sa a baki lami ne, har ya fid da rai.

Sai ga wani tsoho ɗan ƙasar Sin, siriri, da farar hula da ta sha wanki. Ruwan zafi kawai yake nema. Ya buɗe ɗan gwangwani ya karkaɗe ragowar ganyen shayi, a dunƙule kamar kashin awaki.

"Ulong," in ji shi.

Bawa ya kai hannu zai watsa a tukunya da sukari da na'ana'a. Tsohon ya rufe ganyen da tafinsa. Da kansa ya jiƙa shi a 'yar butarsa, ya tsiyaye ruwan farko a ƙasa.

"Haba Alhaji! Ruwan Jidda mai tsadar nan kake zubarwa?" in ji Bawa.

Tsohon murmushi kawai yake yi. Abdulgani yana kallonsa, yana raya cewa alhaji ne da hanyar gida ta rufe masa.

Kofi biyu ganyen ya bayar, tsohon ya turo masa ɗaya. Abdulgani ya kurɓa, ba sukari. Ya ji ƙaurin gasasshen ganye, sai ƙanshin fure, can kuma wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro.

"Bawa, na ji ɗanɗano! Wallahi na ji!"

Kafin ya haɗo godiya da Larabci, tsohon ya sa gwangwaninsa wayam a aljihu, ya dafa ƙirji, ya fita.