Motar Buwai da Ke Kuka da Rana

Ɗanliti bai taɓa zama a aji ya koyi lantarki ba. An haife shi a wani ƙauye arewa da Ɗambatta, inda gonaki suka manne da juna har ba a gane iyaka sai da layin gamba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi motar hatsi zuwa Kano, ya yi shekara goma sha ɗaya a wani gareji yana koyon wayarin ɗin mota. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gida ya karɓi gona, ya yi aure. Tun daga nan da safe yana gona, da hantsi kuma ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur ya nufi bakin tasha. Mutum ne marar yawan magana. Direbobin bas sun san shi da cewa ba ya yanke waya sai ya gano abin da ya sa ta lalace, ko da zai wuni a kai.

A daminar da ya cika shekara hamsin da biyu, wani malamin makaranta mai suna Abel ya same shi a tasha.

"Malam Ɗanliti, motar babanmu ce take kuka," in ji shi, yana magana ƙasa-ƙasa.

Mahaifin Abel, Buwai, manomi ne da yake zuwa Watari noman rani, kuma da kuɗin albasa ya sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano mai jiniyar ɓarayi. Da bazara ya kafa mata sabuwar rumfa a bayan gida, kusa da rumbuna, ya ajiye ta, ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Matarsa Leah ta hana a gusar da motar daga inda ya bar ta. Abel ne yake zuwa daga Kano duk Asabar ya tashe ta don kada batir ya mutu. To, tunda ruwa ya zauna, sai motar ta riƙa fashewa da kuka ita kaɗai, da rana tsaka, lokacin da kowa yake gona. Matan da suke daka a inuwar rumfar sun kwashe turamensu. A unguwa ana ta raɗe-raɗin cewa Buwai ne bai samu kwanciya ba.

Washegari Ɗanliti ya je. Gero ya yi tsawo har ya rufe hanya, babur ɗinsa yana ratsawa ganye na dukan fuskarsa. Leah ta tarye shi a ƙofar gida, tsohuwa doguwa mai tsagen gado a kumatu.

"Sannu da zuwa, Ɗanliti. Ni dai ba na tsoron mijina, da rai ko ba rai. Amma jikokina sun daina zuwa gidan nan."

"Bari mu gani, Inna," ya ce.

Ya fara da batir. Ya sa mita, ya ga wutar ta yi ƙasa kaɗan, kan batir ɗin kuma ya yi farin gishiri. Ya kankare, ya ɗaure. Ya bi makunnan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ya sami na bonet ya ci tsatsa, ya canza shi. A ƙarƙashin sitiyari ya ga wata waya da ɓera ya ɗan gwaigwaya, ya naɗe ta. Kowanne cikin ukun nan ya isa ya sa tsohuwar jiniya ihun banza. Ya wanke hannu, ya ce wa Leah an gama.

Bayan kwana biyu ta aiko masa: motar ta yi kuka sau uku.

Ya koma. Wannan karon bai buɗe akwati ba. Ya kulle motar, ya zauna a gindin rumbu yana kallonta. An yi ruwa da asuba, garin ya yi luf, babu iska ko kaɗan. Kaji ma ba sa zuwa wajen rumfar, ya lura da haka, suna ta tono a can nesa. Ya yi awa biyu a zaune. Babu wanda ya gifta, ko tsuntsu bai sauka a kanta ba. Sai kawai fitilunta suka hau walƙiya, jiniyar ta tsage da wani kuka mai shaƙewa, kamar na tsohon da ya daɗe yana kira ba a amsa ba.

Ya yi a'uziyya, ya buɗe bonet, ya kwance kan batir, ya ɗago batir ɗin gaba ɗaya ya rungume a ƙirji. Motar ta ci gaba da kuka.

Leah tana tsaye a bakin zana, ƙwarya a hannu, leɓunanta suna motsi. Sai da Ɗanliti ya ajiye batir ɗin a ƙasa ya tuna cewa wasu jiniyoyin suna da ɗan batir nasu a ciki, don ko ɓarawo ya cire babban su ci gaba da ihu. Ya lalubo jiniyar a bayan injin ya kashe.

"Wannan na san dalilinsa, Inna," ya ce. "Abin da ya tashe ta tun farko ne ban sani ba."

Abu ɗaya ya rage, wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana da take jin girgiza ko karkacewar mota. Ya ciro ta ya gwada, ya ga lafiyarta ƙalau. Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu. In ita ba ta yi ƙarya ba, to lallai wani abu yana motsa motar.

Ya karɓi ƙwaryar Leah, ya cika ta da ruwa, ya ɗora a kan rufin motar. Ruwan ya kwanta gefe guda, wajen tayar baya ta hagu, alhali duk tayoyin cike suke da iska. Suna tsaye suna kallo, sai fuskar ruwan ta yi rawa ita kaɗai, ta lafa.

Ɗanliti ya kwanta rub da ciki ya kara kunnensa a ƙasa kusa da tayar. Da farko shiru. Can sai ya ji wani abu ya ɓalle a ƙarƙashinsa, ya yi tafiya mai nisa, sannan ya faɗa ruwa, tsulum.

Ya ja jiki da baya a hankali, bai miƙe ba sai da ya fita daga rumfar.

"Inna, kada kowa ya sake taka wurin nan. Akwai rami a ƙarƙashin motar."

Aka kira maza daga gona. Ba wanda ya shiga motar. Igiya suka ɗaura mata daga nesa, shanun huɗa biyu suka janye ta. Ana cikin haka aka kawo Maikuɗi, yayan Buwai, tsoho tukuf wanda bai bar addinin kakanninsa ba, kuma shekara uku ke nan ba ya gani. Da aka faɗa masa inda ƙanensa ya kafa rumfa, sai ya zauna a ƙasa.

"A nan ya ajiye ta? Ba wanda ya gaya mini," ya ce. "Rijiya ce. Babanmu ya haƙa ta. Ƙanwata ta faɗa ciki tana 'yar shekara huɗu, gefen ya rufta a kanta, aka yi kwana biyu ana tono ba a kai gare ta ba. Baba ya jera azara ya rufe da ƙasa, ya ce duk wanda ya ƙara ambaton ta ba ɗansa ba ne. Buwai yana goye a lokacin. Har ya mutu bai san yana da yaya mace ba."

Leah ta tambaye shi sunan yarinyar. Ya girgiza kai, ya ƙi faɗa.

Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, azarar da ta ruɓe ta karye, rumfar ta nutse gaba ɗaya har da ginshiƙanta. Mutanen unguwa, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, suka yi gayya suka cike ramin da duwatsu da ƙasa. Ɗanliti ma ya zo da kwandonsa. Leah ta sa aka yi addu'a a wurin, ta dasa ɗan itacen mangwaro ta kewaye shi da ƙaya.

Abel ya tafi da motar Kano, kuma ya ce tun daga ranar ba ta ƙara yin kuka ba. Ɗanliti yana nan a bakin tasha, gashinsa ya yi fari, yanzu sai da tabarau yake ganin launin waya. Direbobi sukan tsokane shi su ce ya ba su labarin motar Buwai, wasu suna so ya ce ƙasa ce kawai ta zauna, wasu suna so ya ce yarinyar ce. Yakan faɗa musu abin da ya gwada da abin da ya ji da kunnensa, ya tsaya a nan. In suka matsa, sai ya ce a miƙo masa filaya.