Jan Allon da Ya Raba Malam da Ɗansa

Har gobe ban manta da ranar da Malam Isiyaku na Baure ya shigo shagon nan da kwamfuta a cikin buhun taki ba. Ku da kuke ƙyalƙyala dariya in an kawo mana inji yana kuwwa da jan rubutu, ku ajiye kayan aiki ku saurare ni. Kai ma Bala, da kai nake, rufe bakin nan.

Bayan babbar salla ne da 'yan makonni. Malam Isiyaku dattijo ne mai karantar da magidanta fiƙihu a zaurensa. Ya zauna a benci har sai da shago ya watse, sannan ya matso.

"Injiniya, so nake ka goge ta tas. Kada ka duba abin da ke ciki."

Na ce, "Allah gafarta Malam, sai na kunna zan san ciwonta."

Ya juya fuskarsa bango. Ina kunnawa allo ya yi ja wur, jiniya ta kama, ga hotunan banza a gefe, ga muryar wata mata tana ta surfa Turanci. Wai bairos, cutar kwamfuta, ya cinye injin saboda kallon batsa da ake yi da ita, wai hukuma ta sani, a kira wata lamba nan take.

Kun san abin, amma bari in maimaita don sababbinku. Wannan ba bairos ba ne, shafin intanet ne kawai da ya cika allo don ya tsorata mutum. Ka cire intanet, ka rufe burauza, wato manhajar shiga intanet, da ƙarfi, ka soke izinin sanarwar da aka ba shafin, sannan ka sa manhajar tsaro ta bincike injin. Lambar kuwa ko da wasa ba a kiran ta, ɓarayi ne ke jira. Ko shayina bai huce ba na gama, binciken bai sami komai ba.

Ina murmushi na ce, "Malam, ƙarya ce tsagwaronta. Kowa suke nuna wa haka, ko liman ko jariri."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kowa?"

Nan ya ba ni labari. A zaure abin ya fito, yana shirin nuna wa ɗalibansa wani littafi. Cikinsu akwai malamin firamare, shi ya karanta Turancin da ƙarfi, ya fassara wa jama'a tiryan-tiryan. Kowa kuwa ya san Nura, babban ɗan Malam mai difloma, shi ne mai taɓa kwamfuta a gidan. Nura ya rantse har yana kuka, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Malam ya ce kada ya kuskura ya taɓa shi da wannan hannun, kuma kada ya sake ganin ƙafarsa a gidan. Washegari wani ɗan acaɓa ya ce shi ya kai Nura har Mai'adua, ya ga ya hau motar masu tsallaka iyaka. An doshi wata biyu ke nan. Duk tsawon lokacin kunya ce ta hana Malam kawo injin.

Na buɗe tarihin burauza, inda kwamfuta ke adana duk shafin da aka shiga. Babu ƙazanta ko ɗaya. Abin da ya jawo jan allon wani shafi ne na littattafan Larabci kyauta, mai ƙaton koren maɓalli na bogi.

Wallahi na so in haɗiye maganar, amma haƙƙin yaron ya hana ni. Na ce, "Malam, wa ke sauko da littattafan Larabci?"

"Ni ne. Nura ya koya mini."

Na jawo kwamfutar shago, na shiga shafin, na danna koren maɓallin a gabansa. Jiniya ta kama. Malam ya dafe teburi yana ta innalillahi, har hularsa ta faɗi bai sani ba.

Ya roƙe ni in je Baure in faɗa a gaban waɗanda suka gani. Na rufe shago na hau babur na je. Na yi bayani a zauren, na nuna musu da idonsu, suna ta gyaɗa kai suna "haka ne, haka ne." Ina sa takalmi a bakin ƙofa na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "Allah sarki Malam, har Daura ya je ɗauko mai kare masa ɗa." Raina ya ɓaci. Sun yarda da jan allo don ya yi musu Turanci da jiniya, ni kuwa Sani ne ɗan unguwar nan, da bakin Hausa.

Abin da sana'ar nan ta koya mini ke nan, kuma ba daɗi. Mutanenmu ba sa zuwa wurinmu sai ɓarna ta gama faruwa, mu gyara injin cikin minti kaɗan, sauran ɓarnar kuwa ba mu da abin kwance ta. Tun daga ranar, in aka kawo mini irin wannan, kafin in taɓa maɓalli nakan tambaya, "Wa aka zarga a gida?"

Lambar Nura a kashe take har yau. Malam yakan biyo ta nan in ya shigo Daura, ya rame, ya daina karatun zaure. Zuwansa na ƙarshe ya daɗe yana kallon kwamfutocin da ke kan kanta, sannan ya ce, "Injiniya, abin da ya iya shigowa har zaurena ya yi wa yaron nan ƙarya, ba zai iya kai masa saƙo cewa na gane ba?"

Na ce masa sai in Nura ya kunna waya. Ya ce to, zai jira.