Birkin Mai Kunne

A layin masu gyara, tsakanin mai walda da mai ɗinkin kujeru, akwai wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba. Tun mai shagon yana saurayi ake ce masa Mai Kunne, har sunansa na yanka ya ɓace. Mutum ne da za ka kunna masa rediyo daga bakin ƙofa, ya karkata kai ya ce maka lasifikar hagu ta tsage, a buɗe kuwa a tarar haka ne.

Abin da ya fito da shi shi ne birki. Lokacin da na'urorin faifan sidi suka shigo, mutane suka riƙa jona su da tsofaffin amfilifayoyinsu na gida, sai sauti ya fito da kaifi kamar ana kankare tukunya da cokali. Sabuwar na'ura ce ke turo ƙarfin da tsohuwa ba ta iya ɗauka. Sai Mai Kunne ya ɗauki 'yan ƙwayoyin nan masu zane-zane da ake kira rizista, ya liƙa biyu da dalma a cikin kan waya, ya sa a tsakanin na'urorin. Ƙarfin ya ragu tun a hanya, muryar mawaƙi ta dawo ta mutum. Wannan ɗan kan waya shi ya laƙaba wa suna birki. Kuma ba ya awo da mita, yana ganin raini ne. Canza ƙwaya yake yi yana saurare, har sai ya ce, "Yauwa."

Birkin farko da ya haɗa, a falonsa ya sa shi. Kullum in ya tashi daga shago sai ya sa faifai, matarsa ta zo da wankin da ta kwaso daga igiya, ta zauna gefensa tana ninkewa tana bin waƙar a hankali. A haka yara suka girma suka watse, aka bar su su biyu da wani kanari a keji kusa da taga.

To, a 'yan shekarun nan sai duniya ta fara lalacewa, a ganin Mai Kunne. Faifan zamani ba su da rai. Lasifikun yanzu kwali ne. Hatta mutane sun koma magana a ciki-ciki, ba mai buɗe baki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk kayan da aka kawo masa gyara sai ya ji sautin a dushe, sai ya zare birkin da shi da kansa ya sa, ya murɗa maɓallin siririn sauti har ƙarshe, ya ce yanzu magana ta fito.

Wata safiya wani tela, wanda suka yi shekaru tare, ya shigo rungume da amfilifaya.

"Mai Kunne, me na yi maka? Tun da ka taɓa kayan nan, matata ta ce ko ni ko su, ɗaya zai bar gidan. Har yanzu kuma ba ta faɗi wanda ta zaɓa ba."

"Kai dai ba ka san sauti ba. Ka tsaya kan almakashinka."

"Wallahi kamar ana sa mini allura a kunne. Mayar mini da abin nan da ka cire."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tela shi ne na baya-bayan nan, ba shi ne na farko ba. Wasu ma ba su dawo da ƙorafi ba, sun dai canza shago.

Abin da ya fi ci masa rai kuwa yana gida. Can ma ya cire birkin ya jefa a durowa, kuma tun daga lokacin, da zarar ya sa faifai sai matar ta tattara wankinta ta shige kicin ta ja ƙofa. Ya zauna shi kaɗai tsakanin lasifiku biyu yana tunanin abin da ya yi mata. Ya ɗauka ta gaji da shi ne, kuma hakan ya yi masa ciwo sosai.

Ran da tela ya zo, da yamma, ya kasa haɗiyewa. Ya bi ta kicin.

"Wai zama da ni ne ya ishe ki? Kowa ya juya mini baya. Hatta tsuntsun can ya daina kuka."

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Baban yara, zo."

Ta kai shi bakin taga ta nuna kejin. Kanarin yana kan sandarsa, baki a buɗe, maƙogwaronsa yana karkarwa, duk jikinsa yana rawa. Mai Kunne ya karkata kai kamar yadda ya saba. Ya juya ɗaya kunnen. Yana jin motar da ke wucewa a titi, yana jin gurnanin firji, amma daga kejin babu ko ƙis.

"Shi ke tashina kullum," ta ce. "Ni kuma kaina ke sarawa in ka sa faifan nan. Na rasa ta inda zan gaya maka ne. Mutumin da ake kira Mai Kunne, ta ina za a fara?"

Ya nemi kujera ya zauna. Tsoro ya kama shi. Ba shi da wata sana'a, ba shi da wani suna, kuma gobe amfilifayar tela tana jiransa a kan teburi.

Can ya miƙe ya buɗe durowa. Birkin yana nan cikin tsofaffin batura, dalmarsa ta yi baƙi. Ya durƙusa bayan na'urar ya mayar da shi, ya dawo da maɓallin tsakiya, ya sa faifan da ta fi so. Waƙar ta zo masa kamar daga ƙarƙashin bargo. Hannunsa har ya tafi wajen maɓallin, ya janye shi. Ya juyo yana kallon fuskarta.

Goshinta ya saki. Ta koma kicin, sai ga ta da wankin, ta zauna a wurinta na dā ta fara ninki, leɓɓanta suna motsi.

"Ya yi?" ya tambaya.

"Ya yi."

"Gobe za ki raka ni shago? Akwai kayan tela. Ni in riƙa canza ƙwaya, ke ki riƙa saurare."

Ta ba shi amsa tana sunkuye a kan wanki. Ya ga kanta ya motsa, ya ji ɗan gunaguni, shi ke nan. Da a watan jiya ne, da ya ce ita ma ta koma magana a ciki-ciki. Ya matso da kujerarsa.

"Ɗago ki sake faɗa," ya ce. "Ban ji ba."