Rijiyar Waƙafi a Cikin Faifai

Asabar ɗin da ta wuce, muna idar da sallar asuba muka kamo hanyar Kaduna daga Zariya, ni da abokin sana'ata. Shagon buga takardu da kwamfuta gare mu, kuma shagon na gab da watsewa. Tun da ya gano manhajar da muke aiki da ita kwafin sata ce, bawan Allahn nan ya rasa sukuni. Ya ce ba zai ciyar da iyalinsa da shubuha ba, ƙarshen wata zai zare hannunsa. Ni kuwa in ya tafi na shiga uku, don yatsunsa ne shagon. Ana haka muka ji labarin wani injiniya a Kurmin Mashi mai raba manhajar da ya halatta a kwafa.

Saboda wahalar mai kuɗin mota ya ninka, direban Fijo kuma ya cusa mu kamar buhunan masara. A Rigachikun ya tsaya sayen man galan, ni kuma na sayi rake mai zaƙi, ga araha. Abokina ko kallon raken bai yi ba.

Daga Kawo muka hau acaɓa. Ɗan acaɓan nawa Bakatsine ne, ya rantse ya san gidan, muka yi ta zaga unguwar har masu shaguna suka fara gaishe mu.

Injiniyan mutum ne mai fara'a. Ya tarbe mu da masa da miyar taushe, ya tada janareta, ya ɗauko faifan manhajar zai saka a kwamfuta. Sai abokina ya riƙe masa hannu.

"Injiniya, dakata tukuna. Mai ita ya yafe?"

Injiniyan ya yi dariya, ya zauna ya fassara mana lasisin, wato sharuɗɗan amfani da manhajar. Ya ce iri biyu ne, kowane mai rubuta manhaja da wanda ya zaɓa wa aikinsa. Wani ya ce ka ɗauka, ka gyara, ka sayar, ka ma ɓoye gyaranka, kada dai ka goge sunansa. Wani kuma ya yarda da komai ban da ɓoyewa: duk wanda ka miƙa wa, ka ba shi 'yancin da aka ba ka, har da asalin rubutun da zai iya gyarawa.

Abokina ya buga cinya.

"Ashe waƙafi ne! Na farkon kyauta, na biyun rijiyar waƙafi. Ka sha, ka ɗiba ka sayar, amma ba ka sa mata kwaɗo!"

Na ce ai rijiyar gidanmu cike take da kwaɗi, kuma sha muke yi. Ya harare ni, amma dariya ta ci ƙarfinsa. Injiniyan ya ce manhajar tana da wuyar koyo fa. Abokina ya ce ya ji ya gani, ta waƙafin yake so. Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na lokacin ba.

Da la'asar muka juyo da faifanmu. Tafiyar ta koya mini cewa samun abu a banza daban, samunsa da yardar mai shi daban, kuma na biyun ne ke sa mutum barci. Mun kusa shiga Zariya wani fasinja ya tambayi abokina abin da ya rungume a ƙirji haka.

"Kayan aikinmu ne," in ji shi. "Muna da shago, ni da wannan. In kana da aikin bugu ka kawo mana wata mai zuwa, lokacin mun ƙware."