Kurkunun da Na Sha a Hanyar Sara

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba, har wasu sun fara tambayar 'ya'yana ko ina da rai. Ina nan, tsufa ne kawai.

Jiya na ga hoton wasu samari da suka je kallon zanen dutse a Birnin Kudu, ɗaya ya duƙa bakin kududdufi yana kurɓar ruwa da tafin hannu. Shi ya sa zan ba ku labarin tabon da ke idon sawuna.

Lokacin da naira take sabuwa, ina koyarwa a Birnin Kudu. Aka yi ƙarin albashi, na sayi babur, kai ya kumbura. Da hutun damina abokina Sabo ya zo daga Kano, ya ce mu zaga ƙasa mu buɗe ido. Sabo mutum ne mai gaggawa, ko shayi ba ya jira ya huce.

Muka kalli zanen dutse, muka wuce Gwaram, muka nufi Sara. A hanya sama ta yi baƙi, aka sheƙa ruwa, rafi ya kawo ya tare mu gaba da baya. Wani manomi ya sauke mu a zaurensa har ruwan ya janye. Abin da suke sha shi muka sha, ruwan tafkin bayan gari. Muka dawo gida muna ba da labari muna dariya.

Shekara ta zagayo, na manta da tafiyar ma.

Damina na sake faɗuwa sai zazzaɓi da ƙaiƙayi suka kama ni. Wani ƙurji ya fito a idon sawuna yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe, matata Binta ta duba, ta ja da baya. Wani farin abu kamar zare ya leƙo daga ciki, kuma yana motsi.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Abu mai rai a cikin naman jikina, ya shekara yana girma ban sani ba.

A asibiti likita bai ko yi mamaki ba. Ya ce kurkunu ce, a ruwa ake shan ta, sai bayan shekara take fitowa. Na tambayi allura ko ƙwayar da za ta kashe ta, ya ce babu. Kuɗin kati da na bandeji ba su taka kara sun karya ba, amma maganin ne babu na sayarwa.

Ya ce, "Malam, a tsinke za a riƙa naɗe ta kaɗan-kaɗan. In ta tsaya, a tsaya. Idan ta tsinke a ciki, ƙafar nan ba ni da tabbas a kanta."

Aka yi mini allurar rigakafin sarƙewar haƙora, aka kwantar da ni. Mutumin gadon kusa da nawa tasa ta tsinke. Ƙafarsa ta kumbura ta yi kamar turmi, ɗakin duk wari. Wata safiya aka tura shi ɗakin tiyata, ya dawo an yanke ƙafar, zanen gado a shafe daga gwiwa zuwa ƙasa. Daga ranar na daina cin abinci sosai.

A asibitin ne wani direba ya gaya mini Sabo ma ta fito masa. Na roƙe shi ya je ya ce masa kada ya ja, don Allah kada ya ja.

Da aka sallame ni, naɗin ya koma hannun Binta. Kullum da safe ta wanke wurin da ruwan da ta tafasa, ta kama tsinken ashana ta juya a hankali. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko kaɗan. Ni kuwa ina riƙe numfashi, ina jiran in ji ta ce ta tsinke.

Na yi mata faɗa ba sau ɗaya ba, na ce ta ƙara ja mu huta. Sai ta ɗaure tsinken da bandeji ta tashi, ko kallona ba ta yi. Idan na tambayi labarin Sabo ta ce direban bai dawo ba.

Aka yi makonni a haka. Gero ya fitar da kai ina zaune a tabarma.

Ranar da wutsiyar ta fito gaba ɗaya, Binta ta ɗaga tsinken ta nuna mini. Na yi hamdala har da hawaye. Na ce ta samo wanda zai je Kano ya gaya wa Sabo tawa ta fita, shi ma ya daure.

Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi.

"Malam, Sabo ya ja tasa tun kafin saƙonka ya isa. Haƙoransa suka sarƙe. An yi sadakar bakwai kana kwance. Na ji tsoron in na faɗa maka hannuna ya yi rawa, ko kai ka fizge."

Na gode wa Allah da ya bar mini ƙafata. Na gode wa likitan nan da ma'aikatan jinya, da Binta wadda ta haɗiye kuka tana juya tsinke. Allah ya jiƙan Sabo.

An ce yanzu babu kurkunu a ƙasar nan, amma ruwan kududdufi bai daina ɗaukar cuta ba. Masu yawon buɗe ido da damina, ku tafi da ruwanku. In ya ƙare, ku tafasa, ku tace da ƙyalle mai tsabta. In rafi ya kawo, ku jira shi. Kuma duk abin da ya fito muku a jiki, ku kai asibiti, kada ku ja da hannunku.

Yaron da ya duƙa a hoton nan, in wani ya san shi, a nuna masa wannan rubutun. Mu ma mu biyu muka duƙa a bakin tafkin.