Alhamzar da ta rufe zance

Lokacin mulkin soja aka kawo kwamfuta ofishinmu na hukumar alhazai da ke Sama Road, aka ba ni aikin fitar da jerin maniyyata. Ni 'yar Sabon Gari ce, iyayena malaman makaranta daga kudancin Filato, kuma ina ji da kaina ƙwarai, don ni kaɗai na iya yi wa na'urar magana.

Na rubuta mata ɗan umarni da muke kira makro. Jimla ce mai gurbi, na'ura ta ɗauko sunan mutum ta cusa a gurbin, ta buga. Jimlar tana cikin alamar zance mai ƙugiya biyu, sunan kuma a cikinta, tsakanin masu ƙugiya ɗaya. Na gwada da sunayen 'yan cocinmu, komai ya tafi sumul. Na ƙara cewa in ta ci karo da kuskure ta wuce kawai, don na tsani a tsayar da ni.

Wata safiya wani tsohon malami daga Ƙofar Taramniya ya leƙa fuskar na'urar, ya ga yadda aka shigar da sunansa.

"Ɗiyata, sunan ga da ainu shi ke. Haka mahaifina yas sa min shi. Ki sa mai alama tai."

Masu buga takardu ba sa damuwa da alhamza, wadda ke tsayawa a madadin harafin ainu na Larabci a rubutun boko. Ni na sa masa ita da hannuna, don girmamawa. Ya sa mini albarka har sau biyu.

Alhamza da alamar zance mai ƙugiya ɗaya maɓalli guda ne. Da na'urar ta iso tsakiyar sunansa sai ta ɗauka zance ya rufe, ragowar ya zama shirme, ta tsallake shi kamar yadda na umarce ta. Babban soja ya sa hannu a jerin, kuma abin da soja ya sa wa hannu ba a taɓa shi.

Malam ya dawo bayan jirage sun tashi.

"Mi yaf faru, ɗiyata?"

Na ce na'ura ce, Baba. Ya ce ba komi, Allah ya kai mu baɗi. Bai kai ba, da damina aka yi jana'izarsa.

Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba. Har yau in zan rubuta 'ya'ya ko ma'aikaci yatsana yakan tsaya a kan maɓallin, in ji kunya ta rufe ni. Malam ya tambaye ni, na ce na'ura ce.